Kwana Biyu A Giran-Popo, Inda Kogin Mono Ke Haɗuwa Da Teku

Iyalai da yawa daga cikinmu sun shekara da shekaru a Zangon Kwatano, ko suna zuwa fatauci daga arewa, amma ba su san teku ba sai daga tagar mota. Ga mai son ya kai iyalinsa su gan ta ido da ido, da wuya a sami wurin da ya fi Giran-Popo, garin masunta da ke kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, a kan hanyar Lome, dab da iyakar Togo.

Garin yana zaune ne a kan wani siririn tudun rairayi. A kudu ga Tekun Atlantika tana ruri dare da rana, a arewa kuwa ga kogin Mono, wanda ya taso daga ƙasar Togo, yana tafiya a natse kafaɗa da kafaɗa da gaɓar teku har ya sami mashiga. Wannan mashiga ita ake kira Bouche du Roy, sunan da ya samo asali daga kalmomin Fotugis masu nufin bakin kogi. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki, wanda Benin da Togo suka yi tarayya a kansa, cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Mun kafa tantunanmu a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, can sama da iyakar da jiƙaƙƙen rairayi ya nuna, domin teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a kowace rana. Mun kuma kauce wa gindin bishiyar da ke ɗauke da 'ya'ya, don kwakwa ba ta sallama in za ta faɗo. Gidan sauro da ruwan sha tilas ne. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa: in ka fuskanci gabas, teku na hannun damanka, sai ka ɗan karkata hagu.

Da hantsi muka sauka kogi. Kayak ɗan ƙaramin kwalekwale ne mara nauyi, na mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi a zaune da filafili mai baki biyu. Akwai kuma wani faffaɗan allo da ake hawa a tsaye ana tuƙawa da dogon filafili. Mai koyo yakan fara ne a durƙushe, sai ƙafa ta saba sannan ya miƙe. A cikinsu muka ratsa ƙananan hanyoyin ruwa, tsakanin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan zartsi, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a fili kamar yatsun hannu. A nan kifi da jatan lande ke hayayyafa, shi ya sa mutanen Hula, masu wurin, suka keɓe wasu sassa suka hana sara. Baƙo na gari yakan kiyaye alamominsu, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoto.

To, ya ku iyaye, ga abin da ya fi kome muhimmanci. Ruwan Giran-Popo iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Kogi mai haƙuri ne, teku kuwa ba ta san wasa ba. Gaɓarta tana da gangara, raƙumanta na faɗowa da ƙarfi, sa'an nan ruwan da ya bugi gaɓa yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya, ya ja duk abin da ya tarar. Abin ruɗin shi ne, wannan hanya takan yi kama da wuri mafi lafawa. Wanda ya iya ninƙaya a gulbi ko tafki kada ya ɗauka ya iya da teku. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya bi ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyar, yana ɗaga hannu don neman taimako. Ko a kogin ma, kowa ya ɗaura rigar ceto, a tafi da ɗan jagora na gari, a kuma nisanci mashigar lokacin da teku ke janyewa, don a sa'ar nan ruwan kogi ke kwarara waje da gudu. Kowane yaro a damƙa shi ga babba guda da sunansa, domin yaron kowa ba na kowa ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke. A watannin nan kunkurun teku kan fito da dare su binne ƙwai cikin rairayi. In an yi dace an gansu, a kashe fitila, a kalla daga nesa. A kwashe shara kafin a naɗe tanti. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.