Ku Ɗauki Hoton Yaranku Ko Ba Ranar Sallah Ba

A wannan mako ina so mu ɗan ajiye batun ƙwaya da allura, mu yi hira a kan wani abu da ke hannun kowa, wato kyamarar wayar salula da yadda muke amfani da ita a kan 'ya'yanmu.

Ku buɗe wayarku ku duba hotunan yaranku. Ina kyautata zaton yawancinsu na ranar suna ne, ko Sallah, ko saukar karatu, ko bikin 'yan uwa. An tsayar da yaro ƙiƙam cikin sabuwar shadda, hula ta kusa rufe masa ido, ana ta daka masa tsawa ya kalli nan ya yi murmushi. Hoton kan yi kyau, amma in an lura sosai kayan aka ɗauka, yaron da muka sani a gida ba ya ciki.

Iyayenmu suna da uzuri. A zamaninsu sai an je wurin mai hoto, ko a kira shi gida, fim ɗaya kuma hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowane ɗaya da kuɗinsa, sannan a jira a wanko. Dole a keɓe hoto ga manyan ranaku. Shi ya sa ni kaina hotunan yarintata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma babu ko ɗaya da ya nuna ɗakin mahaifiyata, ko tabarmar da muke cin tuwo a kai, ko allon da na fara karatu da shi. Waɗannan su ne abubuwan da nake marmarin gani a yau. Mu yanzu hoto kyauta ne a wurinmu, amma har yanzu muna jiran Sallah.

Abin ya fi shafar mu mazauna Agege, Sabo ta Ibadan, Fatakwal da sauran garuruwan da ke nesa da gida. Kakannin yaranmu suna Kano, Katsina ko Sakkwato, wasu sai a shekara ba su ga jikokinsu ba sai ta WhatsApp. Kaka ta fi son ta ga jikarta tana koyon sharar tsakar gida da tsintsiyar da ta fi ta tsawo, ko jikanta ya yi dumu-dumu da koko a baki, domin da irin wannan hoton ne za ta ce, "Wannan ai ubansa ne sak lokacin yana yaro."

Ɗaukar irin wannan hoto ba ya buƙatar waya mai tsada. Ku fara goge gilashin kyamarar da gefen zani, domin maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo. Ku nemi hasken rana da ke shigowa ta taga ko ƙofa, hasken ya sauka a fuskar yaro, kada ya zama a bayansa. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana, saboda rana mai zafi tana sa yaro ya rintse ido. Ku durƙusa ku daidaita da tsayinsa maimakon ku ɗauko shi daga sama. Kada ku kira sunansa, ku bar shi da wasansa ku danna sau uku ko huɗu, daga baya ku zaɓi guda. Kada kuma ku damu da kwanon da ke gefe ko shanyar da ke baya, nan da shekara ashirin su ne za su tuna muku yadda gidan yake.

Maigida, a nan akwai aikinka. A gidaje da yawa uwa ce ke riƙe da waya, saboda haka ita ce ba ta fitowa a hoto. Ka karɓi wayar wata rana ka ɗauke ta tana yi wa 'yarta kitso ko tana biya wa ɗanta karatu. Hoton na cikin gida ne, ba sai kowa ya gani ba, amma yaran za su gode maka ranar da suka girma.

Yanzu bari in taɓo inda aikina na harhaɗa magunguna ya shigo. Son a ga yaro ya fito fes a hoto yana sa wasu iyaye yin abin da ke cutar da shi. Na farko shi ne kwalli. Ranar suna a kan rambaɗa wa jariri kwalli har da zana masa gira. Yawancin kwallin dutse na gargajiya yana ɗauke da dalma. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka bincika sai aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, ta haka gubar ke shiga. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadiyyar haƙar zinare. Ko kaɗan ce ta shiga jiki tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta, kuma ba a ganin alamarta da wuri.

Na biyu shi ne man bilicin. A kantin magani iyaye mata sukan tambaye ni man da zai dawo wa jariri da haskensa, wai an haife shi fari ya koma baƙi. Jarirai da yawa ana haifarsu da haske, sannan launinsu na asali ya fito a makonni da watannin farko. Wannan halitta ce, babu abin da ya lalace. Mayukan da ake haɗawa don haskaka fata sukan ƙunshi sinadarai masu ƙarfi irin su clobetasol, betamethasone ko hydroquinone. Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, tana zuƙar magani da yawa, sai ta yi laushi tana tsagewa, makero da ƙuraje su samu wurin zama, wani lokaci ma girman yaron ya tsaya. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Haka ma filtar waya da ke haskaka fuska, ku rage amfani da ita a hoton yara. Yarinyar da ta taso tana ganin kullum sai an sauya launinta kafin a nuna hotonta, za ta ɗauka launin nata ne ke da aibi.

Hoton da ba a taɓa shi ba yana da wani amfani da mutane ba su cika sani ba, yana zama shaida a gaban likita. Idan ƙuraje suka fito wa yaro da dare, ku ɗauke su a haske mai kyau, domin kafin ku ga likita wataƙila sun sauya kama. Idan yaro ya yi jijjiga, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku sa masa cokali ko wani abu a baki, in akwai mutum na biyu a wurin ya ɗauki ɗan bidiyo ya kuma duba agogo. Jijjigar da ta wuce minti biyar a garzaya asibiti nan take, wadda ba ta kai haka ba ma a kai shi a duba. Bidiyon zai nuna wa likita abin da baki ba zai iya kwatantawa ba. Kwalin duk maganin da kuka ba yaro ku ɗauki hotonsa, sunan ya fito, da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. "Wani jan sirop" ba ya gaya mana komai, hoton kwalin kuwa yana gaya mana duka. Katin rigakafi ma ku ɗauka, saboda ɓata ko ruwa.

Akwai kuma wata alama da nake roƙon kowace uwa ta riƙe. Idan aka ɗauki hoto da filashi, tsakiyar idon yaro kan fito ja ko baƙi, wannan ba komai. Amma idan ido ɗaya yana fitowa fari ko ruwan ɗorawa kamar idon kyanwa da dare, musamman a hoto fiye da ɗaya, ku kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba. Yana iya zama yanar ido, yana kuma iya zama kansar ido da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wadda ake warkewa idan an gano ta da wuri. Manyan asibitocin koyarwa irin na Legas da Ibadan suna da sashen ido, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Shawara a jariri kuwa, kada ku dogara da hoto, kyamara tana sauya launi. Ku duba farin idonsa da dasashinsa a hasken rana, in kun ga ɗorawa ku tafi asibiti.

Waya tana ajiye ranar da aka ɗauki kowane hoto, don haka za ta tuna muku lokacin da yaro ya fara zama da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna yara masu lafiya kan zauna da kansu tsakanin wata 4 zuwa 9, su yi tafiya tsakanin wata 8 zuwa 18. Idan ɗanku ya wuce wannan lokaci, ga hujjar da za ku je da ita asibiti.

Ɗauka daban, yaɗawa daban. Hoton yaro yana wanka ko ba wando kada ya fita daga wayarku. Hoton da ke nuna bajen makaranta, lambar gida ko lambar mota kada ya hau Facebook ko TikTok, a wannan zamani na satar yara ba ku san wanda ke kallo ba. Abin da ya hau intanet ba ya dawowa, kuma yaron zai girma ya tarar da shi. Idan ya kai shekarun da zai ce ba ya so, ku ji maganarsa. Hoton kuka ko na fitsarin kwance da ake turawa don a yi dariya, tozarci ne ga yaro ko da iyayensa ne suka yi.

Daga ƙarshe, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta. Ku riƙa kwafe hotuna zuwa wani wuri, Google yana ba kowane mai adireshin Gmail gigabait 15 kyauta. Sannan duk shekara ku zaɓi goma ko ashirin ku kai a wanke muku a takarda, ku rubuta suna da kwanan wata a baya, ku aika wa kaka nata. In kun ɗauki guda biyu ko uku, ku ajiye wayar ku shiga wasan da su.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya mana su, Ya kare su daga dukkan sharri. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.