Kurmin Lugu

Daga Tunuga, ƙasar giginya, mutum yakan bi Dallol Mawri ya yi arewa har ya wuce Dogon Dutsi, kafin ya isa Lugu. Ƙarshen hanyar ya fi daɗi a ƙafa: ƙarangiya na kama wando, jar tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi a hawan tudu. Daga sama ake hango kurmin da Azna ke girmamawa. A garin nan Sarauniya Mangu ta tari sojojin Faransa a 1899.

Ni Musulmi ne, ba ni da buƙata wurin iskoki. Amma itatuwan da kwarjini ya tsare suna nan tsaye, na gonakinmu kuwa murhu ya cinye. Me zai hana mu gatari yanzu?