Kogi mai ƙofa da makulli

A kudancin ƙasar Ingila, cikin lardin Hampshire, akwai wani kogi da ake kira Test. Tsawonsa bai wuce kilomita 64 ba daga mafarinsa kusa da ƙauyen Ashe zuwa inda yake faɗawa teku a Southampton, faɗinsa kuwa a wurare da dama yaro na iya jefa dutse ya ƙetare shi. Amma duk da ƙanƙantarsa, attajirai na tasowa daga Landan da Faransa da Amurka, su biya kuɗi masu yawa domin a bar su su yini guda a bakinsa da sandar fatsa. A bakin wannan kogi ne wani mutum ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana aiki. Sana'arsa tsaron ruwa. Makullin ƙofar shingen yana aljihunsa, alhali kuwa ko taki ɗaya na gaɓar ba nasa ba ne.

Mai karatu na iya tambaya, yaya kogi zai zama da ƙofa? A dokar Ingila, wanda ya mallaki gona a bakin irin wannan kogi ya mallaki ƙasan kogin har zuwa tsakiyarsa, kuma ikon su a wurin nasa ne: yana iya sayar da shi, yana iya ba da hayarsa, yana iya barin shi gado. Takardar izini da gwamnati ke sayarwa tana ba mutum damar riƙe sandar fatsa kaɗai. Wurin da zai tsaya ya jefa ta, sai ya nemi yardar mai gaɓa. Saboda haka aka yayyanka kogin gunduwa-gunduwa, kowace da shingenta, da ƴar bukkarta mai jinka inda baƙi ke cin abincin rana, da mai tsaronta. A tsakiyar watan Mayu, lokacin da kasuwar ta fi ci, hayar yini guda ga mutum ɗaya tana kai fam ɗaruruwa, fam ɗari kuwa ya haura jika 70 na kuɗin sefa. Kwana a masauki da ladan ɗan jagora suna zuwa daga baya.

Mutumin nan a ƙauyen da ke bakin ruwan aka haife shi. Yana da shekara goma aka kama shi ƙarƙashin gada da zare da ƙugiya da tana, ya riga ya ɓoye kifi biyu cikin riga. Tsohon mai tsaron wurin ya riƙe shi da kunne, ya dube shi, ya ce: "Yaro, ko in kai ka wurin ubanka, ko ka zo gobe da sassafe ka taya ni kwashe ciyawa. Zaɓi ɗaya." Ya zaɓi ciyawa. Daga ranar bai sake rabuwa da kogin ba. Sai dai har kansa ya yi furfura bai manta ba cewa shigarsa ta farko ta ƙarƙashin shinge ce.

Abin da ake nema a wannan ruwa wani kifi ne mai ɗigo-ɗigo ja da baƙi, wanda Faransawa ke kira turwit. Ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai sanyi mai tsabta. Kogin Test kuwa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ruwan sama na nutsewa cikin tuddan farin alli, ya tace a hankali, sannan ya ɓuɓɓugo da sanyin da ke kusa da digiri 10, rani da damina. Mutum na tsaye a gaɓa yana ƙidaya tsakuwar ƙasan ruwa. Irin waɗannan kogunan alli ba su da yawa a duniya, ɗari biyu ne da wani abu, kuma kusan kashi 85 cikin 100 a Ingila suke. Tunda ruwan garau ne, masunci na ganin kifi, kifi ma na ganin masunci.

Salon su ɗin ma dabam ne. Ba a sa tana, ba a jefa taru. Ana ɗaura gashin tsuntsu da zaren siliki a jikin ƙaramar ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci. Ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta tafi nesa, don haka igiyar ce ke da nauyi: masunci na kaɗa ta gaba da baya a iska, sannan ya shimfiɗa ta, ƙwaron ƙarya ya sauka bisa ruwa a hankali ya biyo gudu zuwa bakin kifin. Wani mutum mai suna Frederic Halford, wanda ya wallafa littafi kan wannan fanni a 1889, ya kuma yi su a Mottisfont bisa kogin Test har rasuwarsa a 1914, shi ya tsananta ƙa'idar da wurare da yawa ke bi har yau: a ga kifi tukuna, a tsaya daga bayansa, a jefa masa ƙwaro mai yawo bisa ruwa. Tun kafin shi, a 1822, aka kafa ƙungiyar Houghton a garin Stockbridge. Membobinta ba su wuce 25 ba, kuma kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. Gida ɗaya, gidan Lunn, kaka da ɗa da jika, suka yi mata tsaron ruwa fiye da shekara ɗari.

Wannan al'ada ta bi Ingilishi zuwa ƙasashe da dama da suka mulka. A 1864 aka ɗauki ƙwan kifin, har da na kogin Itchen maƙwabcin Test, aka jera cikin ƙanƙara a jirgin ruwa zuwa tsibirin Tasmaniya; daga can ya isa Niyuzilan a 1867. A 1905 aka zuba kifin a kogin Gura cikin duwatsun Kenya. Masaukan da masu hali ke tafiya hutu a waɗannan ƙasashe daga nan suka samo asali. Kazalika yawancin baƙin da mai tsaron nan ke tarba ba su san cewa da yawa daga ƙwarin ƙaryar da ke cikin akwatunansu a Kenya aka ɗaura su da hannu ba.

Baƙon da ya zo cikin Mayu yana ganin kogi kamar haka aka halicce shi. Mai tsaro ya san ba haka ba ne. Shi ke shiga ruwa har ƙugu da dogon lauje yana yanke ciyawa, a ranakun da duk masu gaɓa suka yarda da su, domin ciyawar da na sama ya yanke tana bi ta ƙofar na ƙasa. Shi ke gyara gaɓar da ta zube, ya wanke tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, ya sare reshen da ke kama igiya. A wasu wurare akan ƙara kifin kiwo, wanda tun 2015 hukuma ta ce tilas ya zama marar haihuwa don kada ya gauraya da na asali. Idan ƙarshen Mayu ya zo, wani ƙwaro da ya yi kusan shekara biyu cikin laka yakan fito dubu bisa dubu, kamar fitar gara mai fukafukai bayan ruwan farko, ya yi kwana ɗaya ko biyu ya mutu. A wannan mako biyu kifi kan manta da tsoro, har wanda bai iya ba yana kamawa.

A irin wannan rana mai tsaro kan tsaya bayan baƙo, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Yallaɓai, duba gindin itacen can, ya taso sau biyu. A ɗan durƙusa, yana ganin inuwa." Baƙo ya jefa, ya kuskure, ya sake jefawa. In an dace kifi ya kama, a jawo shi cikin ƴar homa, a cire ƙugiya, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Mutum ya biya abin da ya fi albashin wata na wani, ya koma gida hannu banza yana murna. Mai tsaro ya daɗe da daina mamakin wannan. Ya fahimci cewa abin da suke saye shi ne yini guda babu kowa a gaba, babu kowa a baya. Kaɗaicin nan shi ne hajar, shi kuwa aikinsa ya tabbatar ba wanda ya shigo.

Ya kan kare wannan tsari in an zage shi a gabansa, kuma yana da hujja. Kuɗin baƙi ne ke biyan albashinsa, su ke sayen itacen gyaran gaɓa, su suka hana a mayar da fadamar gonar masara ko filin gini. Ruwan da ba shi da mai shi, kowa ya ɗiba ba wanda ya gyara. Ajiye ruwa ma ba baƙon abu ba ne ga mai karatu: a Argungu akan hana su a Matan Fada, sarkin ruwa na sa ido, domin kifi ya taru. Bambancin shi ne, ranar da aka buɗe Matan Fada dubban mutane ke faɗawa da homa da gora. A bakin Test ranar buɗewa ta mutum biyu ce ko uku.

Shekarar 2022 ce ta girgiza masa wannan hujja. Ruwan sama ya yi ƙaranci tun bazara. Ranar 19 ga Yuli zafi ya haura digiri 40 a Ingila, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin ƙasar. Kogin ya janye, tsakuwa ta fito fili a inda bai taɓa ganin ta ba, kifi suka taru a ƴan wurare masu zurfi suna numfashi da ƙyar. Idan ruwa ya kusa digiri 20, kifin da aka ja da ƙugiya na iya mutuwa ko da an sake shi. Saboda haka ya ɗauki waya ya kira baƙin da suka biya tun watanni, ya roƙe su su zo da asuba su tashi kafin hantsi, ko su haƙura. Waɗansu suka gane, waɗansu suka yi fushi. Ranar 5 ga Agusta aka hana mutanen lardin shayar da lambu da wanke mota da tiyo, domin a rage abin da ake ɗiba daga kogin.

A nan ne ya ga iyakar makullinsa. Ruwan da ke bi ta gabansa shi ne ruwan da famfon Southampton da garuruwan kewaye ke sha, wani daga kogin kai tsaye, wani daga rijiyoyin da aka haƙa cikin allin da ke ciyar da shi. Ƙazantar da ke shigowa daga gonaki da magudanan gari ba ta tsayawa a ƙofa ta nemi izini. Shinge ya tare yaron ƙauye, bai tare ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe kogin ba. A shagon ƙauye kuwa ya ji wata mata tana gunaguni cewa an hana ta shayar da furanninta don kifin masu kuɗi. Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna matar ta yi shekara talatin a ƙauyen, bai taɓa buɗe mata ƙofa ba. Wanda bai taɓa ganin kifi kwance bisa tsakuwa ba, da wane dalili zai rufe famfonsa dominsa?

Da kaka ta yi, aka rufe su na shekarar, ya sami mai gaɓar a ofishinsa. Ya ce: "Maigida, ina da roƙo. A ba ni safiya guda in shigo da ƴan lakwal na ƙauye." Maigida ya yi shiru, ya kawo zancen inshora, ya kawo zancen abin da baƙi za su ce in suka ji. Daga bisani ya yarda da sharaɗi biyu: babu sandar fatsa, kuma sai bayan an rufe su. Mai tsaro ya so fiye da haka, amma ya karɓa, domin da babu gara ba daɗi.

Yara goma sha biyu suka zo da malamarsu. Ya shiga ruwa, ya tokari tsakuwa da ƙafa, ya tare abin da ya taso da ƙaramar raga, ya juye cikin farin faranti. Yaran suka durƙusa suna ƙidaya ƴaƴan ƙwari da ƙananan jatan lande, yana gaya musu sunan kowane, yana bayyana musu cewa yawan waɗannan halittu shi ke nuna lafiyar ruwa. Wani yaro ya bar farantin ya tsaya a gaɓa, ya ƙura wa gindin itace ido, can ya nuna da yatsa. Ya ga kifin kafin kowa ya nuna masa. Mai tsaro ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa nan. Yaron ya sunkuyar da kai bai amsa ba, shi kuwa bai sake tambaya ba.

Da rana ta yi tsaka ya raka su ƙofa, ya ƙidaya su, ya mayar da kwaɗo ya kulle. Ya rubuta adadin ƙwarin a littafinsa, ƙarƙashinsa kuma ya sa ranar da zai sake komawa wurin maigida, wannan karon ya roƙi safiya biyu.