Farantin Taronmu Da Ciwon Suga: Abin Da Muka Cire Da Abin Da Muka Sa



Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya ya san takarda na nuna abin da baki ba ya faɗa. A namu littafin akwai shafi biyu da suka daɗe suna kallon juna. Ɗaya na kuɗin lemo da alewa da cincin ne, waɗanda ake saya duk ranar taron wata. Ɗayan kuma na gudummawar marasa lafiya. A 'yan shekarun nan sunan ciwo ɗaya ne ke ta dawowa a shafi na biyu, wato ciwon suga. Wani an kwantar da shi saboda gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, wani ido ya fara yi masa hazo, wata kuma kuɗin allurar insulin ya gagare ta. Mun yi ta rubutawa muna rufe littafi, ba mu taɓa haɗa shafukan biyu ba sai da abin ya zo kanmu.

Wani ɗan ƙungiya, ma'aikacin lafiya ne, ya kawo shawarar a yi mana gwaji. Ya ce kowa ya zo da sassafe kafin ya karya kumallo. Muka zo ana ta raha, ana tsokanar masu tumbi. Da layi ya zo kanmu, ya tsaga yatsa, na'ura ta nuna 113. Muka ce, "To, malam, lafiya ke nan?" Ya ce, "Sakatare, ba ka faɗa rijiya ba, amma a bakinta kake tsaye."

Ga yadda ya yi mana bayani. In mutum ya kwana bai ci komai ba na awa 8, aka gwada aka samu ƙasa da 100, lafiya lau. Daga 100 zuwa 125, mutum yana matakin gab da ciwon suga. In ya kai 126 ko sama, kuma aka maimaita aka sake samun haka, ciwon ya kama. Wasu na'urorin da ƙananan lambobi suke nunawa: 5.6 zuwa 6.9 shi ne bakin gaɓa, 7 kuma shi ne ciwon. Ya ce kada mu tsaya a kan gwajin yatsa, mu je asibiti a tabbatar. Mun je, an tabbatar. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne babu inda ke mana ciwo. Wannan mataki ba ya sallama, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma a ranar ba mu kaɗai aka samu a wurin ba.

Da muka koma gida sai muka yi abin da muka iya, wato lissafi. Da safe wajen mai shayi, haɗin kauri, sukari cokali uku bayan madara da kayan haɗi. Da hantsi fanke. Da rana, musamman a zafin Afrilu na Potiskum, lemo mai sanyi ko zoɓo. Da la'asar a tsinci tuwon madara ko gullisuwa a hannun yara. Da dare fura da nono, ita ma da sukari. Duk wannan ba mu taɓa ƙirga shi a abinci ba, taɓa-baki muke ce masa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babba, wannan kusan giram 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ce in an rage zuwa giram 25, cokali 6, ya fi. Ku duba bayan robar lemo: da yawa cikinsu suna da kusan giram 10 a kowane mililita 100. Ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye rabon yini gaba ɗaya. Mu kuwa a kan shayi da fanke muke ɗora ta.

Ba muna cewa alewa kaɗai ke jawo ciwon suga ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai shekaru, akwai zama wuri ɗaya. Amma wanda yake bakin gaɓa yana da sauran dama. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 masu irin wannan matsala, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna waɗanda aka ɗora a kan gyara cin abinci, rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ba wani maganin ƙasar waje ba ne, baki ne da ƙafa.

Makon farko mun gwada barin komai lokaci ɗaya, muka sha ƙasa. Hantsi na yi baki ya fara neman abin da ya saba, kafin azahar mun sayi fanke. A nan muka gane ba a barin baki haka, sai an ba shi madadi. Kuma madadin yana nan a kasuwarmu, ba sai an je Kano ko Abuja ba.

A madadin fanke muka koma dafaffen ƙwai ko dafaffiyar gyaɗa cikin hannu ɗaya. Lokacin kaka ga gurjiya. Da la'asar, maimakon tuwon madara, yalo ko data da ɗan ƙuli-ƙuli marar sukari, ko gurji, ko karas, ko gwaiba guda. Kwadon zogale da muke ganin na mata ne, mun gane yana riƙe ciki har magariba, sai dai a ce wa mai kwadon kada ta barbaɗa sukari. Zoɓo bai bar gidanmu ba, amma yanzu da citta da kanumfari ake dafa shi ba sukari. Kindirmo muna sha zalla. Shayi kuwa sannu muka bi shi, daga cokali uku zuwa biyu, zuwa ɗaya. Bayan 'yan makonni harshe ya saba, har ya zama in an yi mana haɗin da, sai mu ji ya gundure mu.

Akwai kurakuran da muka yi da ba ma so ku maimaita. Mun ɗauka zuma da mazarƙwaila ba su da laifi tunda ba daga kamfani suka fito ba, alhali jiki bai bambanta su da sukari ba. Mun ɗauka malt abin ƙara jini ne, ashe shi ma sukari ne dam. Dabino guda ɗaya zuwa uku daban, cika kwano a gaba daban. Lemon zaƙi a sha shi da ɓargonsa ya fi a matse biyar a kofi. Gyaɗa da aya suna da mai, in aka zauna da mudu ƙiba za ta ƙaru. Sannan shan abu mai ɗaci ba ya goge zaƙin da aka riga aka sha. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani, ko yake da ciwon ƙoda, kada ya canja komai sai ya tuntuɓi likitansa.

Gyaran gida bai ba mu wuya ba kamar na cikin jama'a. A wurinmu zaƙi karamci ne. Ka je gaisuwa a dire maka malt, ka ƙi sha a ce ka raina. Ka je suna a cika maka leda da cincin. Mutum ɗaya ba zai iya da wannan ba, shi ya sa muka kai maganar gaban taro, muka nemi a canja faranti.

Ranar farko da aka shigo da ruwa, zoɓo marar sukari, dafaffiyar gyaɗa da yankakken gurji, wani dattijo ya dube mu ya ce, "Malam sakatare, asusun ne ya ƙone?" Aka yi dariya. Muka ce, "Ranka ya daɗe, asusu na nan." Muka buɗe littafi muka karanta jimillar shafukan nan biyu, ba tare da kiran sunan kowa ba. Wuri ya yi tsit. Can sai shugabar mata ta ce ita ba ta ƙi ba, amma a tuna akwai matan da da alkaki da dubulan suke biyan kuɗin makarantar yara. Maganarta gaskiya ce. Aka tsaya a kan cewa ba a hana gara ba, ba a hana kayan Sallah ba. Alkaki da nakiya dama abincin biki ne, mu ne muka mai da zaƙi abin kullum. Su kuma matan, su aka ba aikin dafa gyaɗa da haɗa zoɓon taro, don kuɗin ya ci gaba da shiga hannunsu.

Muna kira musamman ga 'yan uwanmu direbobin tirela, waɗanda garin nan ya yi suna da su. Zama ne na kwanaki a kan kujera, ga lemo da abin sha mai hana barci a gefe. Haka 'yan kasuwar kara da ke wuni ranar Laraba a kan lemo da burodi. Ƙullin gyaɗa da gorar ruwa ba su da nauyin ɗauka.

Bayan wata huɗu, da wannan canji da tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba, mun sake gwaji: 104. Ba mu fita ba tukuna, kuma da Sallah mun yi santsi, ba za mu ɓoye ba. Amma mun ja baya daga bakin rijiya.

Taron wata mai zuwa za a sake kawo na'ura. Wanda ya haura shekara 35, ko yake da tumbi, ko akwai mai ciwon a gidansu, ya zo kafin ya karya. Wanda kuma ya kai wa ɗan uwansa ziyara aka ba shi ruwa da gyaɗa, kada ya ɗauka rowa ce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya.

Sakataren ƙungiya