Idan Akori-Kura Ta Karkace

Duk lokacin tumatirin rani, tsakanin Kumbotso da Kura, nakan ga tsofaffin akori-kura ƙirar Peugeot 504 sun taso daga gonakin Bunkure a karkace, ga leburori zaune bisa kwanduna. Kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kifar da su.

Direbobi sukan zargi shokozoba, su kwashi kuɗi zuwa Ƙofar Ruwa, alhali aikinta rage tsalle ne. Sifirin ke riƙe nauyin mota. Bakanikena ba ya kwance komai sai an sauke kaya, an daidaita iskar tayoyi, ya auna kusurwoyi huɗun a shimfiɗaɗɗen wuri. Galibi sifirin gefen da ake jibga lodi yake tararwa ya saki.