Notin da ya ƙi kwancewa

Motar da maigidana ya rasu ya bar mana tsohuwar Honda Accord ce ƙirar 1996. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake ɗauko kayan ɗinkina daga kasuwa. Shi ya sa ranar da na ga baƙin mai yana ɗiga ƙarƙashin injin, gabana ya faɗi.

Makanikin da ke duba ta tun maigida yana raye ya leƙa ya ce, "Hajiya, sil ɗin gaban injin ne ya mutu, mai yana jiƙa bel ɗin taimin. In bel ɗin nan ya tsinke kina cikin tafiya, bawul za su lanƙwashe, kuɗin gyaran ya ninka." Lokacin biyan kuɗin makaranta ne. Na ce a yi aikin yau.

Kafin a kai ga bel ɗin, dole a cire wani fuli mai nauyi da ke bakin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa. Makanikin ya nuna mini roba a tsakanin ƙarfen fulin biyu, ya ce ita ke shanye girgizar injin. Noti ɗaya tak ke riƙe da shi, mai kai lamba 19. A kansa muka wuni.

Aka sa sifana, sai injin gaba ɗaya ya riƙa juyawa tare da notin. Aka sa motar a giya, babban ɗana da ya rako ni ya taka birki, aka ƙara dogon bututu a jikin sifanar. Shiru. Wani yaron gareji ya ce a gasa shi da wuta. Ogansu ya hana, ya ce zafi zai cinye robar fulin, sai mun sayi wani. Guduma ma ya ce a ajiye.

Can wani makaniki daga maƙwabta ya zo da shawara: a tokare sifanar da ƙasa, a ɗan taɓa makulli, ƙarfin kik zai kwance notin. Ya ce ya yi wa motoci da yawa. Na gaji, la'asar ta wuce, ƙananan yara na jira a makaranta. Har na buɗe baki zan ce a yi.

Makanikinmu ya girgiza kai. "Hajiya, wannan dabarar ta injin da ke juyawa dama ce. Injin tsohuwar Honda irin wannan hagu yake juyawa. In muka yi haka, ƙara ɗaure shi za mu yi, ko wani abu ya karye."

Ya hau babur ya tafi aro. Ya dawo da wani ƙarfe mai kusurwa shida, milimita 50, wanda ke shiga cikin ramin fulin ya riƙe shi cak. Da fulin ya daina juyawa, mutum biyu suka danna bututun a hankali. Sai ji muka yi "ƙas!" kamar wani abu ya tsinke. Na yi salati. Ashe notin ne ya saki. Suka zare fulin, ya ɗauke wani ɗan ƙarfe ƙarami da ke hana shi zamewa a kan sandar, ya ba ni ya ce in riƙe, in ya ɓata aiki ya tsaya.

A hanyar gida ina satar kallon ɗan nawa. Shekararsa 16, kuma tun rasuwar babansa ya daina magana sosai. Faɗan da ke gyara ƙannensa shi nake yi masa, kullum yana ƙara taurin kai. Amma ranar na ga yadda ya tsugunna gefen makanikin yana tambaya, fuskarsa a sake, abin da na daɗe ban gani ba.

Na ce, "Babana, kana son ka riƙa zuwa garejin ranar Asabar?"

Ya ɗago ya ce, "Umma, za ki bari?"

Na bari, da sharaɗin karatu ba zai taɓu ba. Yanzu shi ke duba mai da ruwa kowace safiya, yana yi yana ba ni labari.

'Yan uwana iyaye mata, akwai wadda ke da yaron da faɗa ke ƙara wa taurin kai? Ta wace hanya kika shawo kansa?