Zamanin da ake jera baƙaƙen surfani ɗaya bayan ɗaya

Keken surfani na kwamfuta bai san harafi ba. Abin da ya sani shi ne inda allura za ta sauka, da inda za ta nufa bayan nan, da wurin da zai dakata a yanke zare. Harafin B da kake gani a bajon ɗan makaranta, a wajen keken, jerin umarni ne na ɗaruruwan sukar allura, kowace da gurbinta. Sai mutum ya riƙe wannan kafin ya gane abin da ya sa rubuta suna mai baƙi biyar ko shida ya taɓa zama aiki mai cin rai, har a wurin wanda ya sa kuɗinsa ya sayi haruffan.

A da can, a masana'antun Turai da Amurka da Japan, zanen surfani a kan dogon tef na takarda mai huji ake adana shi, dabarar da ta samo asali daga katunan masaƙar Jacquard ta Faransa a farkon ƙarni na 19. Mai shirya zane yakan faɗaɗa hoton har ninki shida, sannan ya bi shi suka bayan suka yana hudawa. In ya kuskure, sai gyaran tef da almakashi da gam. Kwamfuta ta shigo harkar ne a ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Wilcom, wanda masu surfani a Kano da Kaduna suka san manhajarsa kamar yunwar cikinsu, an kafa shi a birnin Sidni na Ostareliya a 1979. Tajima na Japan ya fito da nau'in fayil ɗin DST, wanda har gobe shi ne yaren da kusan kowane babban keke yake ji. A 1990 kuma kamfanin Janome ya fitar da keken gida mai suna Memory Craft 8000, surfanin kwamfuta ya shiga ɗakunan mutane.

Kekunan gida na farko da 'yan salon rubutu kaɗan suke zuwa a cikinsu. In kana son ƙari sai ka sayi katin kamfanin, da tsadarsa. Da intanet ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1990, sai ƙananan masu shirya zane, da yawansu mata ne a Amurka masu aiki daga gida, suka fara tsara haruffa masu ƙawa suna sayarwa: masu lanƙwasa, masu furanni, masu kauri irin na rigunan 'yan wasa. Kasuwa ta buɗe, farashi ya sauko. Sai dai abin da mai saye zai tarar in ya buɗe kayan, ba abin da ya zata ba ne.

Jaka ce cike da fayiloli, kowane harafi da nasa. Manya 26, ƙanana 26, lambobi 10, ka ga 62 ke nan a girma ɗaya. In mai sayarwa ya yi girma huɗu, a ce inci ɗaya, ɗaya da rabi, biyu da uku, sun zama 248. Sannan a maimaita su duka a nau'in kowane keke: PES na Brother, JEF na Janome, HUS na Husqvarna Viking, EXP na Melco, da DST. Har sunayen fayilolin ma rigima ne, domin Windows ba ta bambanta babban A da ƙaramin a wajen sunan fayil, ba ta kuma yarda a sa alamar tambaya a ciki. Kowane mai sayarwa da yadda yake laƙaba musu suna, kai kuma ka yi ta lalube.

A ce Maryam za ka rubuta a kan tawul. Ka buɗe M. Ka je ka ɗauko a, ta faɗo tsakiyar firam, a kan M ɗin, domin kowane fayil a tsakiya aka ajiye shi. Ka ja ta gefe. Haka r, haka y, ka sake ɗauko a karo na biyu, sannan m. In sun cika sai daidaita sahu. Nan ne aikin yake. Ka umarci manhaja ta jera su ta ƙasa, sai ta ɗauki wutsiyar y ta daidaita da gindin a, harafin ya ɗare sama ya bar 'yan'uwansa. Ka ce ta jera su ta tsakiya, sai M ta nutse. Dole ka ja layi da kanka, ka sauke y da g da p da j har cikinsu ya zauna a kan layin, wutsiya ta zarce ƙasa. Tazara ma ido ke raba ta, ba ma'auni ba. Ka ba kowane harafi milimita biyu daidai wa daida, za ka ga T ta yi nesa da a mai bin ta, l biyu kuma sun cushe. In rubutun mai haɗe ne, sai ka tabbata jelar wannan ta shiga jikin na gaba ba tare da ɗinki ya hau ɗinki har ya yi tudu ba. Ka manta ka ɗauko su ba bisa tsari ba, keken zai yi ta tsalle daga wannan gefe zuwa wancan yana barin zare a baje. Aikin ya yi kama da na masu jera baƙaƙen dalma a maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya, sai dai su aƙalla kowane baƙi da kafaɗarsa yake zuwa, yana zama inda aka sa shi.

Sauƙin ya zo ne lokacin da masu manhajoji suka ba mai saye damar ɗaura kowane fayil a kan madannin harafinsa na kwamfuta. Embrilliance ta Amurka ta yi wani sashe mai suna AlphaTricks domin wannan aikin kawai, daga baya Hatch, manhajar da Wilcom ta yi wa masu aikin gida, ita ma ta kawo nata. Tsarin kusan ɗaya ne. Ka nuna wa manhaja jakar, ka ce wannan fayil shi ne A, wannan shi ne a, ka gyara inda ta yi hasashe ba daidai ba. Ka zaunar da kowane harafi a kan layin gindi sau ɗaya tak. Ka sa wa jerin suna, ka haɗa da girmansa a cikin sunan, domin kowane girma jeri ne mai zaman kansa. Daga ranar, bugawa kawai za ka yi. Nau'in fayil ɗin BX na Embrilliance shi ma ya karɓu, masu sayarwa suka riƙa yin wannan ɗaurin da kansu, mai saye ya ja fayil ɗaya ya saki a manhaja, shi ke nan.

Ni dai ina ganin wannan alheri ne babba, kuma ban taɓa kewar wancan jan baƙaƙen ba. Amma akwai abin da bugawa take ɓoye wa sabon shiga. Da ya ga sunan jerin ya bayyana a cikin manhaja, sai ya ɗauka irin rubutun kwamfuta ne da ake ƙara wa girma yadda aka ga dama. Alhali sukar allura ce ƙidayayya. Ka ja harafin inci ɗaya ka mai da shi inci biyu, in manhajar ba ta sake lissafin sukar ba, zaren zai buɗe, yadi ya leƙo ta tsakani. Ka matse shi, sukar ta cunkushe, zare ya yi ta tsinkewa, wani lokaci allura ta huda shadda mai tsada. Shi ya sa masu sana'ar ba sa son wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Haruffan ESA na Wilcom daban suke: siffar harafin suke riƙewa, manhaja ta sake lissafa sukar duk lokacin da aka canza girma. Wanda ya sha wahalar ɗauko fayil ɗaya bayan ɗaya ya san wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. Ya san kuma cewa in harafi ya gaza milimita biyar ko shida, zaren yau da kullum mai lamba 40 ya yi masa kauri, sai an koma siririn mai lamba 60 da ƙaramar allura.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ba a cika son a taɓo ba. Yawancin masu sayarwa sun yarda ka ɗinka haruffansu ka sayar da kayan, amma ba su yarda ka raba fayilolin ba. Jakar da ke yawo a filash daga shago zuwa shago guminta na wani ne da ya zauna ya tsara kowace lanƙwasa da hannunsa.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya. Jerin da aka tsara a Amurka domin Ingilishi babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a ciki, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Tun shekarun 1930 waɗannan baƙaƙe suka shiga bugun Hausa, amma ka duba bajunan makarantu da hulunan ƙungiyoyi: Haɗejia da Ƙaraye da Ɗanbatta da Ɗanjuma, akasari babu ƙugiya ake ɗinka su. Ba ganganci ba ne daga mai keke, abin da jerin ya ba shi ke nan. Abin yana damuna, domin gyaran a hannu yake. Tunda kowane harafi fayil ne, mai sana'a zai iya ɗaukar d na jerin da ya saya, ya tsara mata ƙugiya da faɗin ɗinki iri ɗaya da kwanciyar zare iri ɗaya, ya sa ƙugiyar ta fara ɗinkuwa domin sandar harafin ta rufe mahaɗar, ya adana shi sabon fayil domin aikin shagonsa. Sai ya ɗaura shi a kan harafin kansa in manhajar tana karɓa, in kuma ba ta karɓa, ya ba shi aron wani madannin da ba ya amfani da shi, ya rubuta a takarda ya manna jikin kwamfutar domin yaran shago su sani. Manya da ƙanana, baƙaƙe shida ne a Najeriya, takwas a Nijar, a kowane girma.

Ajami da Larabci kuwa wannan dabara ba ta wadatar da su. Baƙi ɗaya yana iya ɗaukar siffa huɗu, ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe da ta zaman kansa, ga rubutun daga dama yake tafiya, ga wasula sama da ƙasa. Madanni ɗaya fayil ɗaya ba zai ɗauke su ba. Mai son suna da ajami a ƙirjin riga, ko dai ya samu manhajar da ta san haɗa baƙaƙen Larabci, ko a zana masa kalmar ɗungurungum, a bi ta da hannu daga farko har ƙarshe.